Na Farko Ba A Faɗarsa

Bilkisu ba ta je makarantar nan don ta saurari kowa ba. Tun daga ƙofar gida ta sha ɗamarar faɗa. Ta rufe ƙullun masa da faifai, ta saɓa goyo, ta ratsa ta gefen gonakin gyaɗar Inkil tana tafe tana figar gyale, taɓon damina na kama mata silifa tana ƙwacewa. Saƙon da aka aiko mata ba shi da tsawo: Hedimasta na neman iyayen Yasmin, domin yarinyar ba za ta shiga aji ɗaya na firamare tare da sa'o'inta ba, za ta maimaita ajin ƙanana. Wai ba ta iya ƙirga ba. Yarinyar da ta haddace tallan sabulu na rediyo daga farko har ƙarshe, har da dariyar matar da ke cikin tallan, ita za a ce ɗaya zuwa goma ya gagara? Tun a hanya Bilkisu ta yanke hukunci cewa malamar ce ba ta iya aikinta ba.

Makarantar wani gida ne da aka mayar azuzuwa, 'yan ɗakuna da rumfar kwano a tsakar gida. Mai ita, Malam Abdulhamid, shi ne kuma Hedimasta, mutum mai sanyin murya, irin sanyin nan da ke ƙara wa mai fushi wuta. Ya ba ta kujera, ta ƙi zama. Ya aika aka kira malamar ajin ƙanana, Malama Eunice, wata doguwa 'yar Bogoro da ta daɗe a aikin. Ta shigo riƙe da hannun yarinyar.

"Maman Yasmin, sannu da zuwa."

Bilkisu ta yi kamar ba da ita ake ba. Duk faɗin Inkil Maman Mahfuz ake kiranta, da sunan ɗanta na biyu. Yasmin 'yar fari ce. A gidan da Bilkisu ta tashi, da gidan da ta yi aure, mace mai kunya ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in an tambaye ta 'ya'yanta nawa ba ta sa shi a lissafi. Tun da aka yaye yarinyar ma a ɗakin kakarta take kwana. "Ke" Bilkisu ke ce mata, in magana ta yi tsawo ta ce "yarinyar nan".

"Malama, ni ba gaisuwa ta kawo ni ba. An ce ba ta iya ƙirga ba. A nuna min."

Malama Eunice ba ta ja ba. Ta zazzago ƙwallayen dabino daga wani gwangwani, waɗanda yara ke koyon lissafi da su, ta jera biyar a kan tebur. Yarinyar ta matso, ta ɗora yatsa a kan na farko, ba ta ce komai ba. Ta matsa kan na biyu ta ce, "Ɗaya." Ta ci gaba a natse, babu inda-inda, har ta kai ƙarshe. Ta ɗaga kai ta ce, "Huɗu."

Aka jera uku, ta ce biyu. Aka sa ta yi da Turanci, ta tsallake na farko da Turanci. Da malamar ta ajiye ƙwallo ɗaya tak ta ce nawa ne, yarinyar ta ɗora yatsa a kai ta yi shiru tana kallonta, kamar malamar ce ta yi tambayar banza.

"Kin gani ko?" in ji Malam Abdulhamid. "Aji ɗaya tarawa ne da ɗebewa. In muka wuce da ita a haka mun cuce ta. Wasu yaran kansu ba ya buɗewa da wuri, ba abin kunya ba ne."

"Malam, ni ban haifi daƙiƙiya ba."

"Ai ban ce haka ba."

"Ka faɗa mana. Da ladabi dai ka faɗa."

Malama Eunice ta shiga tsakani. "Ni ma ban yarda matsalar kai ce ba. Yaron da bai gane ba, yau ya ce huɗu, gobe ya ce bakwai. Ita kuskurenta ɗaya ne kullum, ba ya canzawa. Kamar wata doka take bi. Na yi, na yi, ta ƙi saki."

Bilkisu ba ta zo jin bayani ba. Ta dubi Hedimasta ido cikin ido. "Kafin a yi hutu za ta dawo ta ƙirga a gabanka. In ta ƙirga daidai fa?"

"In ta ƙirga daidai ta wuce. In ba ta yi ba, kada ki ga laifina."

"Za ta yi," in ji Bilkisu, ta figi hannun yarinyar suka fita, ko sallama babu.

A gida ta mayar da komai abin ƙirga: guraben tanda, cokula, takalman bakin ƙofa, awakin maƙwabta in sun leƙo neman ɓawo. Da sassafe tana suya, yarinyar na tsugune a gefenta, hayaƙi na shiga musu ido, ana jera masa a faifai ana ƙirgawa. Duk a banza. Yatsan nan sai ya sauka a kan na farko ya yi shiru, sannan baki ya buɗe. Koyar da yaron da ba ka kiran sunansa kuwa aiki ne ja. "Ke, duba nan." "Ke, sake." Har Mahfuz ɗan shekara huɗu ya ɗauka, yana bin yayarsa yana ce mata "ke, sake".

Rannan haƙurinta ya ƙare, dama ba wani mai yawa ba ne. Ta kama yatsan yarinyar ta danna a kan masa ta farko.

"Wannan ɗaya ce. Ce ɗaya."

Yarinyar ta ƙwace yatsanta. "Na farko ba a faɗarsa."

"Wa ya gaya miki?"

"Haka ake yi."

"Malama ce ta koya miki?"

Ta girgiza kai. Bilkisu ta ɗaga hannu, amma kafin ya sauka muryar surukarta ta fito daga ɗaki. Inna, mahaifiyar mijinta, 'yar tsohuwa ce siririya mai carbi a hannu. Ba ta ɗaga murya, ba ta kuma maimaita magana.

"Kada ki soma. 'Yata ce, ba taki ba. In sun ce ta maimaita ta maimaita mana, bokon guduwa zai yi?"

"To, Inna," in ji Bilkisu da baki. A ranta kuwa cewa ta yi wallahi ba za ta maimaita ba.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Washegari da masu saye suka ragu, ta kwashe masar yara kamar yadda take yi kullum. Yaran uku suka jeru a tabarma, kowa da kwanonsa. Ta zuba wa babbar nata ba tare da ta dube ta ba, ta wuce. Ta shafa kan Mahfuz ta ce, "Ɗaya na Umma." Ta lakaci hancin Abdulsalam, autan da bai daɗe da fara tafiya ba, ta ce, "Biyu na Umma." Wasa ne da ta saba yi musu, ba ta ma san tana yi ba. Sai ta ji wata 'yar murya na bin ta a hankali. Ta waiwaya. Yarinyar na zaune da kwano a cinya, ta ɗora yatsa a ƙirjinta ta yi shiru, ta nuna Mahfuz ta ce ɗaya, ta nuna Abdulsalam ta ce biyu, sannan ta soma cin masarta hankali kwance.

Bilkisu ta tsaya da cokali a hannu har na cikin tanda suka fara ƙauri. Ta tuna masu allurar rigakafi in sun zo suka ce yara nawa, ta ce biyu, Inna ta ce daga ɗaki, "Da tawa." Ta tuna ranar salla tana nuna wa maƙwabciya ɗinkin yara, ta ɗaga guda biyu, na ukun ta tura shi ƙarƙashin filo. Ashe babu wata malama da ta kafa wa yarinyar nan doka. Ita Bilkisu ce ta koya mata, kowace safiya, da hannunta. Yarinyar kuwa ta ɗauki darasi da kyau, ta kai shi har kan ƙwallon dabino. Abin ya yi wa Bilkisu ciwo, ciwo ba kaɗan ba. Ta zagaya bayan ɗaki ta yi kukanta, ta wanke fuska da ruwan buta. Da ta fito fushi ne ya maye gurbin kukan, ba ta ma san da wa take fushin ba.

Da yamma mijinta Mansir ya dawo daga Kasuwar Muda Lawal inda yake sayar da hatsi, ƙaiƙayi duk a kafaɗarsa. Ta bari ya sha ruwa, sannan ta zayyana masa komai. Shi ma ɗan fari ne, don haka dariya ya yi.

"Ni nan da kike gani, furfura ta fara fito min a gemu, ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. 'Wancan' take ce min. Me ya ci ni? Kullum cikin ƙirga buhu nake, kin taɓa jin na yar da ɗaya?"

"Baban Mahfuz, ka taɓa so ka ji?"

Ya sunkuya yana karkaɗe takalmin da ya riga ya karkaɗe. Can ya ce, "Ki dai bi a hankali. Ki gaya mata a ɗaki, tsakaninku. Kin san Inna ba za ta ɗauki wannan ba."

Ta bi shawararsa, sau ɗaya. Ta ja yarinyar ɗaki, ta saki labule, ta zaunar da ita a bakin gado. Sai sunan ya ƙi fitowa. Bilkisun da bakinta bai taɓa mutuwa a gaban kowa ba, sai ga ta tana inda-inda a gaban 'yar shekara shida. Da ƙyar ya fito, can ƙasa-ƙasa.

"Yasmin."

Yarinyar ta zaro ido ta dubi labule. "Umma, Inna za ta ji."

"Ke ce ɗaya. Mahfuz biyu. Abdulsalam uku. Kin ji ko?"

"To," in ji yarinyar, irin "to" ɗin da yaro ke yi don a sake shi ya tafi wasa. Aka jera cokula a kan gado, ta tsallake na farko. Bilkisu ta zauna tana kallon cokulan. Abin da aka koya wa yaro a tsakar gida da rana tsaka, raɗa a bayan labule ba ta warware shi. Yarinyar ba wawiya ba ce. Ta ga uwarta ta saki labule kafin ta yi magana, ta kuma san abin da hakan ke nufi.

Ana cikin haka aka yi sunan jaririn Rukayya, ƙanwar Mansir, a Tirwun, a ɗaya daga cikin sababbin gidajen nan da ko fenti ba a kai ga yi musu ba. Haihuwar fari ce, dangi kaf sun hallara. Bilkisu ce ta yi masar taro, tun safe take kan tanda. Bayan azahar mata suka cika tsakar gida, tabarmi har bakin tankin ruwa, ana ta miƙa jariri hannu zuwa hannu ana gardamar hancin wa ya ɗauko. Inna na zaune a kan darduma kusa da yayarta Goggo, tsohuwa mai tsokana da goro a kumatu.

"Bilkisu," in ji Goggo da Bilkisun ta zo ajiye musu faranti, "ga ƙanwar mijinki ta fara. Ke yanzu nawa ne? Kada fa ki yi sake ta taddo ki."

Tambaya ce ta wasa, amsarta kuma kowa ya sani. So ake ta sunkuyar da kai ta ce biyu, wata ta ce ji mai kunya, a yi dariya a wuce.

Bilkisu ta ajiye farantin. Ta san amsar da ake jira. Amma ta miƙe tsaye, ta ɗaga murya yadda ko mazan da ke waje za su ji.

"Yasmin! Zo nan."

Hira ta tsaya cak. Yarinyar na can bakin tanki tana wasa da yara. Ta waiwayo tana neman mai kiranta, ta dubi Goggo, ta dubi matan da ke rabon abinci, ta dubi ƙofa. Bai ko zo mata a rai ta dubi uwarta ba.

"Yasmin, ni ce. Zo."

Ta taho tana jan ƙafa. Bilkisu ta jawo Mahfuz, ta sauke Abdulsalam daga baya, ta jera su a gaban tsofaffin.

"Goggo, kin tambaya, ga su nan. Yasmin, ɗaya. Mahfuz, biyu. Abdulsalam, uku."

Gida ya ɗauki salati. Wata ta tafa hannu ta ce yau sun ga ƙarshen zamani. Wata ta ce ko 'yan bokon da ake faɗa ba su kai nan ba. Goggo goro ya kusa sarƙe ta, ana ta buga mata baya. Mai jego, wadda tun safe take kau da kai duk sanda aka ambaci sunan jaririnta, ta ɗaga labulen taga ta leƙo. A cikin hayaniyar yarinyar ta ja zanin uwarta. So take ta cece ta daga kuskure kafin abin ya yi nisa.

"Umma, ba a ƙirga ni."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma kowa ya ji. Masu salati suka mayar da ido kan farantinsu. Bilkisu ta ji maganar har cikin ƙashinta. Ta durƙusa daidai tsayin yarinyar, ta ɗora tafin hannu a kanta, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba.

"Wa na fara haifa?"

Yarinyar ta dubi Inna, ta dubi ƙasa. "Ni."

"To daga ke ake farawa. Yasmin, ɗaya." Ta sake jero su, wannan karon ta fi ɗaga murya. Da wata daga gefe ta ce, "Haba Bilkisu, ya isa haka, ki ji kunyar surukarki," sai ta sake jerowa, tana kallon mai maganar.

Inna ta miƙe, ta naɗe dardumarta, ta ce a samo mata mai keke. Ko masa ɗaya ba ta ci ba.

Kafin gari ya waye labari ya riga su isa Inkil. Masu sayen masa suka ƙaru, rabinsu kallo ya kawo su, a zo a ga matar da ta kwance wa kanta zani a gidan suna. Bilkisu ba ta ba su kunya ba. "Yasmin, miƙo yaji!" "Yasmin, kawo wa Maman Umar leda!" Ko ba ta bukatar komai sai ta nemo aike, don dai sunan ya fita a gabansu. Wadda ta ce mata marar kunya ta bayan katanga, ta amsa mata da "Na'am, an gode." A cikin gida ne abin ya fi nauyi. Inna ba ta amsa gaisuwarta sai da "uhm", abincin da aka kai mata kuma a rufe yake dawowa.

Bilkisu ta je ta durƙusa a ƙofar ɗakin tsohuwar.

"Inna, na zo ki yafe min ɓacin ran da na sa ki a cikin mutane."

"Ɓacin ran kawai?"

"Shi kawai, Inna."

Tsohuwar ta ja carbinta na ɗan lokaci. "Ke kin ɗauka ƙi ne? Wancan da kike aure, na yi rashin barci a kansa fiye da duk sauran. Da ƙyanda ta kwantar da shi har an fid da rai, a cinyata ya kwana bakwai, ko a lokacin ban kama sunansa ba. Haka uwata ta yi, haka uwarta ta yi. Abin da kake so ba ka yawo da shi a baki. Mutane suna da ido, suna da baki."

"Na sani, Inna. Ni na sani, ke ma kin sani. Ita ce ba ta sani ba. Abin da ta gani shi ta ɗauka."

"Za ta sani in ta girma."

"Kafin ta girma an gama ce mata daƙiƙiya, ita ma ta yarda. Ki yi haƙuri, Inna, wannan ba zan iya ba."

Inna ta juya. Ta miƙa hannu bayan gado, ta jawo 'yar tabarmar yarinyar da ƙullin kayanta, ta turo su bakin ƙofa.

"Tunda kin ƙirga ta, sai ki ɗauki abarki."

Bilkisu ta ɗauka. Ranar yarinyar ta yi kuka har muryarta ta dushe, ita ɗakin Inna take so, ba ta san wani ɗaki ba. Ta can ɓangaren ma ana jin tsohuwar na fyace hanci. Bilkisu ta rungume 'yarta tana jijjigawa kamar jaririya, tausayin tsohuwar na cin ta, ba ta kuma ji ko kaɗan tana son janye abin da ta yi ba. Daga ranar yarinyar ta yi yaji da ƙirga gaba ɗaya. In aka jera cokula sai ta juya baya. In aka matsa mata sai hawaye. Mansir ya ce, "Kin ga abin da nake gudu ko?" Bilkisu ta ce ta gani, ta ci gaba da kiran sunan safe da yamma.

Haka suka tafi makaranta ranar da za a yi hutu, uwar ba ta san abin da ke cikin kan 'yarta ba. Yara na ta ihu a tsakar gida ana share azuzuwa. Malam Abdulhamid ya sake ba ta kujera, ta sake ƙin zama. Malama Eunice ta kawo gwangwanin, shi da kansa ya jera ƙwallaye bakwai a kan tebur.

"Bismillah, ƙirga mana."

Yarinyar ta tsaya tana kallonsu kamar ba za ta motsa ba. Can ta ɗaga hannu ta ɗora yatsa a kan na farko. Shiru. Bilkisu ta cije leɓe, ta riƙe bakin gyalenta tamau don kada ta yi magana. Shirun ya yi tsawo har Malam Abdulhamid ya numfasa, ya fara miƙo hannu zai kwashe ƙwallayen.

"Yasmin," in ji yarinyar, can ƙasa.

Ta matsa kan na gaba. "Biyu. Uku. Huɗu. Biyar. Shida. Bakwai." Ta ɗaga kai. "Bakwai."

Malama Eunice ta rufe baki da hannu. Hedimasta ya dubi yarinyar, ya dubi teburin. Ya ware biyu a nan, uku a can, ya ce ta haɗa. Ta tura su wuri ɗaya da gefen hannu, ta jera su da kanta.

"Yasmin. Biyu. Uku. Huɗu. Biyar."

"Jimla dai ta fita daidai," in ji shi yana shafa gemu. "Amma ba ta ce ɗaya ba. Suna ba lamba ba ne. In ta shiga aji ɗaya da wannan, yara dariya za su yi mata."

"Malam, nawa ka jera da farko?"

"Bakwai."

"Nawa ta ce maka?"

"Bakwai, amma ki tsaya ki ji..."

"Cewa ka yi in ta ƙirga daidai ta wuce. Ban ji ka ce ga sunan da za ta kira na farko da shi ba." Bilkisu ba ta sassauta murya ba. "Tun da yarinyar nan ta fara magana wurin na farkon nan babu kowa a cikinsa. Yau ta shiga. Daga kai har ni, babu mai fitar da ita."

"Ɗaya ni zan koya mata, Malam," in ji Malama Eunice a hankali. "Wannan ba wuya. Mai wuyar an riga an yi."

Malam Abdulhamid ya daɗe yana kallon ƙwallayen. Ya ɗauki na farkon, ya juya shi a tafin hannu, ya mayar da shi inda yake.

"Ta wuce," ya ce.

Bilkisu ta nemi kujerar da ta ƙi, ta zauna. Yarinyar kuwa ba ta ma ji hukuncin ba. Ta jawo gwangwanin ta zazzage sauran, tana jera su ɗaya bayan ɗaya har bakin tebur. Sannan ta koma farkon layi, ta ɗora yatsa, ta faɗi sunanta da ƙarfi, har masu shara a tsakar gida suka tsaya suna leƙowa.